Mai Neman Ƙaro Bai Ga Shafinmu Ba

Zuwa ga Shugaban Haɗaɗɗiyar Ƙungiyarmu ta Manoman Ƙaro na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali, ranka ya daɗe, ni ne Malam Sale na Gagarawa Tasha, tsohon nan da ke zama bakin ƙofa in ana taro saboda ƙafa. Na zo ofis ban same ka ba, na sake zuwa aka ce kana Dutse, shi ya sa na rubuto a fili.

Ba faɗa na zo yi ba. Fushin ma na neme shi a raina ban samu ba.

Ka tuna ku ne kuka ce mu dasa dakwara. Na ba ta rabin gonar da na gada, inda nake samun geron da ke kai mu damina. Muka jira ta girma, muka tsaga bawonta, ta yi ƙaro fari tas. Da dillalai suka riƙa taya shi kamar ƙaiƙayi, sai ka tara mu bara bayan girbi ka ce an buɗe mana shafi a intanet, masu saye daga ƙasashen Turawa za su gan mu da kansu, kowa ya riƙe kayansa. Aka yanka rago, aka raba kati mai ɗauke da adireshin shafin. Na riƙe. Ƙaron bara na ɗaka, na bana ya hau kansa. Har yau ko ɓataccen baƙo bai yi sallama ba.

Ni ban taɓa ganin intanet ba, kuma ba na sa rai. Amma maƙwabcina Malam Bulus, malamin gona, mutumin Filato da ya daɗe a cikinmu, an tura shi kwas Ibadan, inda akwai kwamfuta mai shiga can. Na ba shi katina na ce ya leƙa mana. Abin da ya dawo da shi, da abin da matar da ke kula da na'urorin ta bayyana masa, shi zan jera maka.

Na ɗaya. Ashe mai saye ba ya zuwa da adireshi. Akwai wuraren bincike da yake rubuta sunan abin da yake nema, su kawo masa masu shi. Malam Bulus ya rubuta sunan ƙaro da Turanci, sai ga mutanen Sudan, ga na Chadi. Ya ƙara da Najeriya, ya ƙara da Maigatari, shiru. Matar ta ce waɗannan wurare sai an je an gabatar musu da shafi kafin su san da shi, kuma yawancinsu ba sa karɓar komai. Namu ba wanda ya kai shi. Mun gina rumfa a bayan gari, mun zauna muna jiran cin kasuwa.

Na biyu, kuma nan ne na ɗan yi dariya. Da ya rubuta adireshin katin, shafin ya buɗe. Abin da ya fara fitowa hotonka ne, ranka ya daɗe, yana saukowa a hankali daga hula. Ya ce kafin a kai gemu layi ya yanke. Ya sake, ya yi haƙuri har ya ga babbar riga. Ƙarƙashinka mataimaki, sai sakatare, sai ma'aji, sai jawabin godiya ga manyan baƙi. Ƙaro yana can ƙasa, layi biyu. Na san haka muke tsara takardar taro, manya a gaba, kuma ban ce a raina manya ba. Sai dai matar ta ce abin binciken nan kalmomin saman shafi yake karantawa, ba ya gane fuska. A samanmu kuwa ba abin da aka rubuta sai barka da zuwa. Ta ce a sa sunan kaya da sunan gari a kan gaba, a rage girman hotuna, a sa na ƙaron kansa.

Na uku. Na yi shekaru ina kai awaki kasuwar Maigatari. Baƙo daga kudu ko daga Damagaram in ya sauka, wani ne ke nuna masa wani: mai masauki ya tura shi wurin dillali, dillali ya tura shi gaba. Ashe can ma haka ne. Shafin da wasu shafuka ke ambata shi ake tura wa mutane. Masu riɗi da masu fata na Kano suna da nasu. Me zai hana a roƙe su su ambace mu, mu ma mu ambace su?

Na huɗu. A rubuta abin da mai saye zai tambaya: wane irin ƙaro ne, an tsince shi ko da bawo, wane wata ake samu, ta wace hanya zai kai tashar jirgin ruwa. A sa da Faransanci ma, ga masu jin sa nan tsallaken iyaka. Kuma a riƙa sabuntawa, don shafin har yanzu yana gayyatar jama'a bikin da aka cinye ragonsa tun bara.

Na biyar gajere ne. Malam Bulus ya aika saƙo ta akwatin da aka sa a shafin, kamar shi mai saye ne. Ya gama kwas, ya dawo, ya yi shuka, amsa ba ta zo ba. Wa ke buɗe akwatin nan? In wani ya taɓa nemanmu da gaske, ba za mu sani ba.

Ga inda maganar take. 'Ya'yana sun ce itacen da ba ya ciyar da gida gara a mai da shi gawayi a shuka gero. Malam Idi da muke iyaka da shi ya riga ya sare nasa. Ina zaune a gonata ina jin saran, na ɗauka zan ji wani abu a raina, ban ji ba. Na roƙi yaran su bar ni zuwa girbin nan, suka yarda don kunya, ba don sun gamsu ba.

Roƙona, ranka ya daɗe: ka kira waɗanda suka yi shafin su gyara waɗannan abubuwa, ka naɗa mutum guda mai duba saƙo, sannan ka tara mu ka faɗa mana gaskiya. In abin ba zai yiwu ba, ka sake mu mu sayar wa dillalai yadda suka ga dama. In amsarka ta zo bayan girbi, kada ka wahalar da ɗan aike zuwa gonata, ba zai tarar da dakwara ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya sa ka gama da mu lafiya.

Wassalam.

Malam Sale, Gagarawa Tasha.