Fatar Idon Maijego

Daren Asabar, Agege

Yau na koma aiki, karon farko tun da cikina ya zube. Kwalliyar suna ce a Mushin. Na zaunar da Hassana maijego, na ce ta rufe ido. Na goge maiƙon fatar idon da auduga, na shafa firaima, man shimfiɗar kwalliya, kaɗan, na danna hoda don kalar ta zauna.

Idonta a rufe ta ce, "Anti Rabi, saura ke. Wata nawa yanzu?"

Ashe ba ta ji labarin ba. Na ce, "Kar ki motsa, bai bushe ba."

Na ƙarasa aikin. Kowa ya yaba kwalliyar. Na hau danfo, motar haya, na dawo, na ci abinci. Har yanzu ina jiran kuka ya zo mini, bai zo ba.