Ka Yi Alwala?

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Yau 'yan ajina na Islamiyya suka yi mini dariya. Ni Malama Zubaida, da na koyar da iyayen wasunsu. La'asar ta yi, na ce "kun yi alwala?" kamar kullum, sai aji ya kece da dariya, wani har da riƙe ciki yana zubewa ƙasa wai an soke shi. Na zane su, ban ma san a kan me nake zane su ba.

Sai da na dawo gida 'yata Khairiyya ta faɗa mini, tana sunkuyar da kai. Fim ɗin da yayanta ya fito a ciki ya iso gidan kallon Lauwali. A fim ɗin yayan nata ne shugaban 'yan daba a wani lungu na Kano, wai Barandami, kuma duk wanda zai soka wa wuƙa sai ya tambaye shi a hankali, "Ka yi alwala?"

Ɗana na fari ke nan. Ko a nan ba zan rubuta sunansa ba, ba haka aka tarbiyyantar da ni ba.

Laraba, 9 ga Oktoba
A bayan wata adaidaita na ga an rubuta maganar da jan fenti. Kalmar salla, a saman bututun hayaƙi.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Garin nan ya haukace. Samari na fitowa daga gidan kallo suna tafiya irin tasa, kafaɗa ɗaya a karkace. Dela maƙwabciyata ta shigo wai ta zo yi mini jaje, amma bakinta bai rufu ba: "Malama, wallahi ya iya, ni fa har na kasa cin tuwo." To jaje kika zo ko barka? A bakin kasuwa yara na nuna ni, "ga maman Barandami." Liman bai kama suna ba a huɗuba, amma duk sahun mata sai da aka waiwayo.

Abin da ke ƙona mini rai ba wanda ya san shi. Maganar nan tawa ce. Tun yana goye innata ta ɗauke shi zuwa Roni, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Da ya dawo hannunmu don makaranta, ni ba na hira da shi, ba na kallon idonsa, in abinci ne sai in tura ƙanwarsa ta miƙa. Shi kuma Adda yake ce mini, ba Inna ba. Da asuba kawai nake tsayawa bakin ƙofar ɗakinsa in ce "ka yi alwala?" Shi ne ya ɗauka ya sa a bakin mai kisan kai, duniya na tafa masa.

Ya kira. Na kifa wayar.

Asabar, 12 ga Oktoba
Hamma, yayan mijina, ya zo daga Roni tun da hantsi, ko ruwa bai sha ba. Tun rasuwar babansu shi ke yanke magana a gidan nan. Ya ce dangin angon Khairiyya sun fara ƙananan maganganu, don haka kada yaron ya tako Kazaure ranar ɗaurin aure. "Ya zauna can wurin masu tafa masa." Na ce to, Hamma. Me zan ce? Uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane.

Khairiyya ta ƙi cin abinci. Ta ce in yayanta ba zai zo ba, a ɗaura da wata. Bakinta ya yi tsawo, yarinyar nan.

Talata, 15 ga Oktoba
Wani dattijo daga Gwiwa ya yi sallama da ni a ƙofar makaranta, ban san shi ba. Na ɗauka zagi ya kawo, na shirya. Sai ya ce ɗansa ya tafi Kano neman abinci, 'yan ƙwacen waya suka kashe shi bara. Ya ce ya kalli fim ɗin har ƙarshe, haka lungun yake, haka suke yi, kuma tun da abin ya faru ba wanda ya nuna cewa an yi sai yanzu. "Ki gaishe shi, Malama." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ban ji sanyi ba. Shi ya ga ɗansa a ciki, ni kuwa bakina aka sace.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Na sa Khairiyya ta tambaye shi: duk maganganun duniya, me ya sa sai wannan? Ta dawo ta tsaya nesa da ni kafin ta faɗa. Wai mai shirya fim ɗin ya ce masa ya nemo maganar da in ya faɗe ta muryarsa za ta canza da kanta. "Ni kuma ita kaɗai Adda ta taɓa faɗa mini baki da baki."

Ƙarya ne. Na zauna ina lalube tun ɗazu don in ƙaryata shi. Ranar da ya karye a ƙafa, ai na yi magana. A'a, babansa na yi wa, shi yana kwance yana ji. Ranar da zai tafi Kano... Khairiyya na ba dambun ta kai masa tasha.

To sai me? Haka aka yi mini, haka aka yi wa Hamma, ba wanda ya je ya yi fim da shi. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Wane irin yaro ne ba ya gane wannan? Raina a ɓace yake, ban ma san da wa ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Na kalla a wayar Khairiyya. Jini, ƙwaya, ashar, kwata. Ban so ba. Amma in zai faɗi maganar sai ya kawar da kai gefe, ba ya kallon mutumin. Yara a titi ba su kwaikwayi wannan ba, ba su ma lura ba. Ni na san inda ya gani.

Litinin, 21 ga Oktoba
Na aika wa Hamma cewa ɗaurin auren Khairiyya da yayanta za a yi, dangin ango su yi ta magana. Bai amsa ba tukuna. Zai yi faɗa, ya yi.

Bayan la'asar na kira lambar, don kawai in faɗa masa ranar. Ya ɗauka ya ce "Adda?" Sai na rasa ranar, na rasa komai. Na ce, "Ka ci abinci?"

Ina jin numfashinsa. Layin garin nan dama ba shi da kyau. Can ya ce bai ci ba tukuna, na ce to ya tashi ya ci, zan jira.