Gonar da Ke Shafi na Tara ta Mahaifina Ce

Zuwa ga Shugaban Jami'ar Mishan,

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da malamanka da ɗalibanka. Sunana Rabi, ina koyarwa a lakwal ɗin firamare a Urafane. Ni Musulma ce, ku Kirista ne, amma ba addini ya sa na ɗauki alƙalami ba. Littafin tarihin jami'arku ya shigo hannuna, kuma tun ranar ƙyashi ke cina. Na faɗa da bakina tun kafin wani ya faɗa mini.

Na farko. Littafin ya ce kun fara ne da 'yar makarantar noma a ƙarƙashin rumfa, kafin ku buɗe sashen lafiya da na koyarwa da na ilimin addininku. Ya ce darasin da kuka fi alfahari da shi, na renon itatuwa a gona, a wurin manoman ƙasarmu kuka koyo shi. Wannan gaskiya ne. Sai dai a shafi na tara kun sa hoton Alhaji Nomau, maƙwabcinmu, kun ce shi ne manomin. Gonar da yake tsaye a ciki ta mahaifina ce, Malam Tanko. Na san gawon da ke bayansa, a inuwarsa nake ajiye ƙwaryar fura.

Na biyu. Lokacin da kowa ke sassabe yana ƙone kututture, Baba ne ke barin toho biyu ko uku a kan sabara da kalgo, ya datse sauran. An kira shi rago, an ce gonarsa ta fi kama da daji. Alhaji Nomau na cikin masu dariyar, kuma muryarsa ta fi ta kowa tashi.

Na uku, ga yadda kuskuren ya faru. Ranar da malamanku suka zo da mota kat-kat, ina yarinya, ina wurin. A wajenmu mutum ba ya yabon gonarsa da bakinsa, don kunya da kuma tsoron baki. Sai Baba ya tura maƙwabcinsa ya yi bayani, shi kuwa ya koma gida ɗauko wa baƙi fura. Kafin ya dawo an ɗauki hoto, tafinta ya rubuta sunan wanda ya ji yana magana. Malamanku sun sha furar, sun yi godiya, ba wanda ya tambayi sunan mai kawo ta.

Na huɗu. Yau ɗalibanku suna zuwa Urafane kowace damina, su wuce ƙofarmu su sauka gidan Alhaji Nomau da kaye, littafin rubutu, a hannu. Ya yi sabuwar riga domin su, har ya koyi cewa marsi, godiyar Faransanci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In na hango ƙurar motarku sai in ji abinci ya fita raina, kuma na sha yin istigfari a kan haka.

Ba na neman a cire hotonsa, domin bai yi ƙarya ba, shiru kawai ya yi. Ina roƙon ku aiko mutum ya tambayi dattawan garinmu, sannan ku sa sunan Malam Tanko a bugu na gaba da kuma cikin darasin.

Dalilin gaggawata abin kunya ne. Baba ya tsufa, idonsa ya tafi. Da ya ji labarin littafin ya ce in karanta masa. Na fassara masa shafin, da na zo kan sunan sai na faɗi nasa. Ya shafa takardar, ya ce ashe sun lura. Yanzu littafin yana ƙarƙashin matashinsa, yana jira 'yata Zulai ta iya Faransanci ta sake karanta masa da bakinta. Tana aji biyu, kuma ni ce ke koya mata.

Allah ya ƙara wa jami'arku albarka, ya sa ku gyara kafin ta kai shafi na tara.

Wassalam.

Rabi Malam Tanko, Urafane.