Shamuwar Tsamiyar Gidanmu

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi. Yaya ƙafar Baba? Yaya ƙanwata Murja da jama'ar Ƙofar Marke? Ni lafiya lau nike a nan Malawi, kada ki sa komai a ranki. Tuwon masara ne dai kullum, na saba, ko in ce ina sabawa.

Aikinmu kai magani ƙauyuka da ƙananan jirage marasa matuƙi. Ba sa hayaƙi kamar babur, batir kawai suke ci, maigidanmu ba ya gajiya da yabon tsabtarsu.

Amma Inna, ni korar tsuntsaye daga filin tashi aka sa ni. Kin san su wa nike kora? Shamuwa! Ashe in sun bar mu da kaka, nan suke zuwa cin rani. Ni da kika zane saboda na jefi sheƙarsu, yau ga ni da sanda.

Makon jiya jirgi ya bugi ɗaya, ya wuce abinshi. An ce maganin da ya kai ya ceci wata mai haihuwa, alhamdu lillahi. Ni kuwa na haƙa rami na rufe gawar shamuwar a bakin fili, abokan aiki na ta dariya. Tun ranar na rasa sukuni, in ɗauki sanda, in ajiye.

Don Allah, in bazara ta yi, ki sa Murja ta duba tsamiyar gidanmu. Shamuwa biyu suke zuwa kanta kowace shekara. In ɗaya ta dawo ita kaɗai, kada ku ɓoye mani.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Illo