Wutar Fintan

Gundumar Mayo, Oktoba 1983

Zuwa ga Yaya Fintan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da Noreen da yara. Mu nan da sauƙi, sai tarin Baba da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Murhun ƙarfen da ka aiko ya iso. Yana nan bakin ƙofa, kaji har sun yi masa ado. Baba ya zagaya shi da sandarsa, ya buɗe ƙofar gilashin ya leƙa, sannan ya tambaye ni ko akwatin gawa ka aiko masa tun da sauran numfashinsa. Na ce likita ne ya ce hayaƙin tsohon murhu ke cinye masa huhu. Ya ce likitan ya zo ya faɗa masa a gabansa.

Yaya Malachy ya auna wurin. Bakin tsohon murhun ya yi ƙunci, sai an fasa duwatsun gefe, an cire ƙarfen rataye tukunya, an kankare kunkunniyar da ta taru tun zamanin Kaka, sannan a zuro bututu daga saman rufi a liƙe da siminti. Duk wannan ba ya yiwuwa da wuta a wurin. Dole a kashe ta har simintin ya bushe.

Kai kuwa ka san wutar nan. Tun ranar da aka kawo Kaka gidan ba ta taɓa mutuwa ba. Kullum Baba ke binne garwashin da toka, da safe ya tone ya ɗora sabon curin fadama, busasshiyar ƙasar nan da muke ƙonawa maimakon itace. Kuma ba tamu ce kaɗai ba. Ko ka manta ranar da ka kulle gidanka na bakin tafki za ka Ingila? Baba ya kwaso garwashin murhunka a shebur ya zuba cikin namu, yadda ake yi wa duk wanda ya tafi, don ran da ka dawo ka ɗebi abinka ka kunna gidanka. Yanzu cewa yake in ta mutu, kai ma ba za ka sake taka ƙasar nan ba.

Na ce a zuba garwashin a tukunya in kai wa maƙwabciyarmu Bridie Gaughan ajiya. Saura kaɗan ya kwaɗa min sanda. Wai ni ban san ba a fitar da wuta daga gidan da ke da majinyaci ba, sai in ana so majinyacin ya bi bayanta? Na ce to a ajiye tukunyar a ɗaki. Ya ce wuta ba ta sauka daga kan dutsenta.

Malachy kuma sai cika yake yana batsewa. Ya ce shi ke tatsar shanu, shi ke yanko curin da ake ciyar da wutarka, amma sunanka kaɗai ake ambata a gidan. Ni dai ina jin tsoro, Yaya. Ka faɗa min yadda za a yi.

Taka ƙanwa,
Dympna

Coventry, Ingila, Oktoba 1983

Zuwa ga ƙanwata Dympna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta same ni, na kuma fahimci abin da ke cikinta.

Ina so ki yi amfani da hankali. Lafiyar Baba ita ce gaba da komai. Garwashi garwashi ne, ashana kuma ba ta ƙare a kanti ba. Murhun nan irinsa ne a gidan surukina, da itace kaɗan yake ɗumama gida, babu hayaƙi ko ƙanƙani. Ki ce wa Malachy ya yi aikin kafin sanyi ya kankama, ya daina tsayawa sauraron tsoho. Yau shekarun Malachy nawa a duniya, amma har yanzu sai an ce masa yi kaza.

Batun dawowa kuwa, gara ki san gaskiya. Mun sayi gida a nan, yara suna makaranta, Noreen ta samu aiki. Ba zan sake zama a bakin tafkin nan ba. Kada ki faɗa wa Baba, babu amfani.

Ki gaishe shi da jiki. Allah ya ba shi lafiya.

Yayanki,
Fintan Lavelle

Mayo, Nuwamba 1983

Yaya Fintan,

Ina gaishe ka don dole, amma ba na jin gaisuwa a bakina. Baba yana asibiti, ƙashin ƙugunsa ya karye. Malachy yana yawo da ɗinki a goshi. Ga abin da ashanarka ta jawo.

Na karanta wa Malachy saƙonka kamar yadda ka ce, shi kuwa ya fizge takardar ya karanta sauran da kansa. Ranar Asabar da hantsi ya jawo murhun ƙarfen zuwa tsakiyar ɗaki, ya shigo da guduma a hannu ɗaya, bokitin ruwa a ɗayan. Baba yana zaune a kujerarsa, awartakin gyara wuta a kan cinyarsa. Kamar ya san ranar ce.

Malachy ya ce, "Baba, matsa."

Baba ya ce, "Ka fita da bokitin nan, ɗan banza, kafin in manta ni na haife ka."

Na shiga tsakani ina ba su haƙuri, Malachy ya ture ni na bugu da kabad. Sai ya durƙusa daidai fuskar Baba ya ce, "Wanda kake yi wa gadin wutar ya sayi gida a Ingila. Ya ce ba zai dawo ba. Ni ne nake nan, tsoho, ni kaɗai, ko ba ka gani?" Kafin Baba ya buɗe baki ya sheƙa ruwan.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Tururi da toka suka turnuƙe ɗakin, ba na ganin kowa. Sai ƙarar ƙarfe a kan ƙashi na ji. Baba ne, mutumin da ba ya iya ɗaga butar shayi, ya sauke wa Malachy awartaki a goshi. Ya ƙara masa a kunne. Jini ya rufe wa Malachy ido, ya riƙa lalube, ya kamo Baba ta kwalar riga ya ɗaga shi sama ya yi wurgi da shi. A kan kusurwar sabon murhunka ya faɗi. Na ji lokacin da ƙashin ya tafi.

Ni ma ba zan ce hannuna wankakke ba ne. Na ɗauki kaskon gasa burodi na maka wa Malachy a gadon baya, na cije shi a dantse har sai da na ji gishirin jini. Bai ko waiwayo ba. Yana tsaye yana kallon tsohon murhun, jini na ɗiga daga haɓarsa.

Na ruga gidan Bridie don a buga waya. Da na dawo Malachy ba ya ɗakin. Baba ya ja jiki har bakin murhu, yana tona jiƙaƙƙiyar toka da yatsunsa yana kiran sunanka. Babu komai a ciki sai baƙin taɓo. Can Malachy ya shigo da hannun dama naɗe da tsumma, ya ɗauki Baba ya sa a mota, Baba na tofa masa yawu a fuska har suka fita.

Da ya dawo daga ɗinki ko zama bai yi ba. Ya ɗauki guduma ya hau duwatsun murhu da duka kamar su suka yi masa laifi. Sheƙar hankaki da kunkunniya suka zubo masa a ka, bai tsaya ba. Na ce wa 'yan sanda zamewa Baba ya yi. Ban san don wa na yi ƙaryar ba.

Ka zo, Yaya. Ko na kwana biyu ne, ka zo ya gan ka.

Dympna

Coventry, Nuwamba 1983

Malachy,

Ba zan gaishe ka ba. Murhu na ce ka kafa, ban ce ka karya mahaifinmu ba. Maganar da na ce a ɓoye ka ɗauka ka soka masa don baƙin cikin da ke cinka tun muna yara. Kai dabba ne, kuma ka daɗe da zama dabba.

Ka gode wa Allah akwai teku tsakaninmu. Duk ranar da na sa ka a ido, da gudumar nan zan farfasa maka gwiwoyi. Saboda haka ba zan zo ba muddin kana gidan, don ba na so 'ya'yana su tashi ubansu yana kurkuku.

Fintan

Mayo, Disamba 1983

Zuwa ga Yaya Fintan,

Ina gaishe ku, ina kuma yi maka ta'aziyya, tunda ba ka zo mun yi wa juna ba. Mun binne Baba kusa da Mama. Fada, limamin cocinmu, ya tambaye ni kai, na ce teku ta yi haushi jirgi bai tashi ba. Na gaji da yi muku ƙarya, ku biyun.

Ciwon huhu ne ya ƙarasa shi a kwance. Ranar ƙarshe ya kama hannuna ya tambaya ko wutar tana nan. Na ce tana nan, mun samu garwashi ɗaya da rai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuskarsa bango. Ya san ni sarai, tun ina ƙarama ban iya ƙarya ba.

Murhunka ya zauna daram. Dole in faɗi gaskiya, Malachy ya yi aiki mai kyau da hannu ɗaya. Bututun ya hau, farantin ƙarfen da ya toshe saman tsohon murhun da shi bai bar ko kafar allura ba, ɗaki ya yi ɗumi, labule sun daina baƙi. Ni na kunna shi da ashana, na kuma yi kuka ina kunnawa. Na tsane shi, kuma ba na iya tashi daga gabansa.

Malachy ba ya kusantarsa. A tsaye yake cin abinci. Safe da yamma sai ya shige tsohon ɗakin shanu ya kulle, ya hana ni zuwa wurin. Ina zaton kwalba ya ɓoye. Hannun nan nasa ya ƙi warkewa, yatsu biyu sun manne, ya kuma ƙi faɗin abin da ya same shi. A makabarta wani ɗan Gaughan ya ce masa mai kisan uba, Malachy ya zubar masa da haƙoran gaba a gaban Fada. Yanzu ba mai yi mana magana sai Bridie.

Bayan Kirsimeti zan tafi wurin Inna Attracta a Sligo. Ba zan iya zama da shi ba. Ka gaida Noreen da yara.

Ƙanwarka,
Dympna

Mayo, Janairu 1984

Fintan,

Gaisuwa. Da hagu nake rubutu, ka yi haƙuri da shi.

Ruwan da na sheƙa wa wutar bai kai ƙasan toka ba. Da Dympna ta fita na tura hannu cikin tokar na samu curi ɗaya da ja a cikinsa. Babu shebur kusa, a tafin hannu na kai shi ɗakin shanu. Baba yana kwance da fuskarsa ƙasa, bai gani ba. Ban faɗa masa ba, domin na fitar da wuta daga gida yana majinyaci, ka kuma san abin da hakan ke nufi a wurinsa. Ya bi bayanta kamar yadda ya ce.

Wutar tana cikin tukunyar Kaka. Ina ba ta curi safe da yamma. Taka ce, ba tawa ba.

Na gyara rufin gidanka na bakin tafki. Ka zo ka ɗauki abinka kafin Ista, in ba haka ba in yi mata fitsari. Gudumar tana bayan ƙofa in kana so, ba zan ɗaga hannu ba.

Ɗan'uwanka,
Malachy