Ranar Hoton Auta

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da ƙafar nan taki mai ciwo. Tela maƙwabcina ke rubuta mini, in kin ga kuskure nasa ne. Kada ki ɗauka na manta da abin da kika yaɓa mini bayan rasuwar matata, wai ban iya riƙon 'ya mace ba. Dole ce ta sa na neme ki.

'Yata Auta shekara shida ke nan da aure, ko ɓari ba ta yi ba. Dangin mijin sun ce in bana ta wuce haka, ta dawo gabana. Likita ya ce a yi mata hoton mahaifa, a zuba wani ruwa a ga ko hanyoyin da ƙwai ke bi a buɗe suke ko sun toshe. Mijin direba ne, kullum yana hanya, sai na ce ni zan kai ta.

Sau uku ina rufe rumfar facina, mu wuni kan benci mai cin baya. Wata nas mai gilashi ta yi wa Auta raɗa, ta sallame mu, wai ba ranar ba ce. Alhali ina ganin wasu suna shiga! Na tambayi Auta, sai sunkuyar da kai. Jiya na wanke nas ɗin tas. Na gaji. Ke da kika iya bakin mata, mene ne nufinsu?

Yayanki,
Mai faci

Zuwa ga ƙanwata,

Ina gaisuwa, yaya ƙafa? Amsarki ta iso, har da baƙar maganar da ke ƙasanta.

Ashe ranar ba ta asibiti ba ce, ta jikin yarinyar ce, sai ta yi tsarki da 'yan kwanaki. To, da wane baki za ta faɗa wa ubanta? Ni nake tsayar da rana, ranar da babu ciniki, ita kuma ta ɗauki mayafi ta biyo ni. Wata uku na cinye mata cikin shekarar da aka ba ta.

An ce mara na murɗawa bayan an gama, ana son mai riƙe ta. Ki zo. Ba wai na ce kin yi gaskiya ba ne. Nas ɗin kuma ba zan ba ta haƙuri ba, sai dai ki gaishe ta.

Ranar, ku biyu ku ƙirga abinku, kada ku gaya mini komai. Ni dai a ce, Baba, tare mana mota.

Yayanki,
Mai faci