Kai Ka Ci Jarrabawa, Ni Aka Yi Wa Barka

Zuwa ga yayana Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, da roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ina sanar da kai cewa raina a ɓace na ɗauki alƙalamin nan. Na san ba za ka karanta ba. Da gangan na bar wasiƙar a buɗe, domin akwai waɗanda nake so su leƙa.

Ranar kasuwar Bodinga da ta wuce ina zaune a rumfar wani tela, sai rediyo ya ce wasu fursunoni sun kammala karatun digiri suna cikin gidan yari. Rumfar ta kwashe da dariya. Wani ya ce ai ɓarawo digirinsa a yatsu yake. Wani dattijo kuma, wanda ko wasiƙar ɗansa sai an karanta masa, ya nuna ni da baki ya ce, "Ga Malam Sani nan, ku tambaye shi yadda aka yi. Ba shi yar rubuta ma yayanai ba, zamanin siyasa?" Shekara arba'in ke nan, Yaya, maganar nan ba ta mutu ba. Kai ne ka mutu ka bar ta.

Ban zo wanke ka ba. Ka yi laifi. Rikicin iyakar fadamar albasa ya haɗa ka da maƙwabcinmu, zuciya ta ɗebe ka, ka kai masa ƙotar fartanya, ya rasa ido ɗaya. Alƙali ya ba ka shekara huɗu, ba ka ce an zalunce ka ba, mu ma ba mu ce ba. Abin da nake tambayar mutanen ƙauyenmu na bayan garin Shagari shi ne: a cikin hukuncin nan, a wane layi aka rubuta cewa an ƙwace maka ƙwaƙwalwa?

Sun manta, ko sun ga dama sun manta, cewa kai ne kake zuwa na ɗaya har aji uku na sakandare. Da Baba ya rasu ka ajiye littafi ka ɗauki galma, don ni in ƙarasa makarantar horon malamai. Ni na zama Malam, kai ka zama Lawali mai albasa.

A gidan yari na birni ka haɗu da wani tsohon gandiroba mai son karatu, ya nuna maka cewa ana iya yin darasi ta gidan waya, har mutum ya zauna babbar jarrabawar da ake shiga jami'a da ita. Darussan ta hannuna suke zuwa, tunda ina koyarwa a Bodinga. Duk ranar ziyara in ɗaura ambulan a bayan babur in kai maka, in karɓo amsoshinka in aika. Iyakar aikina ke nan, aikin ɗan aike.

Lokacin tsuke bakin aljihu ne, sabulu ma sai an bi layi, balle farar takarda. Kakan yi lissafinka a yankin buhun siminti da guntun fensir, sai ka tabbatar ya fita sannan ka kwafe a takardar kirki. Wata rana a hanya na tsaya gindin itacen bedi na buɗe amsoshinka don in duba maka, a matsayina na malami. Na karanta shafin farko sau uku, na mayar na liƙe, na hau babur ɗina. Ban gaya wa kowa abin da na gani ba.

A cikin gidan yarin ka zauna jarrabawar, mai sa ido a gabanka, gandiroba a bakin ƙofa. Ni ina Bodinga ina koya wa yara sau biyu sau uku. Ka ci, kuma ci mai kyau, har aka ba ka gurbin karatun noma da ban ruwa, ya zo daidai da fitowarka, bayan sojoji sun karɓi mulki. Abu ɗaya ya rage: takardar shaida daga mai gari, cewa kai ɗan garin ne, kuma sun san ka. Sa hannu ɗaya, da ɗan hatimi.

Amma kafin ka iso gida gari ya riga ya yanke hukuncinsa. Sun ga ina kai ambulan ina kawowa, sun san ni ne mai karatu a gidanmu, shi ke nan lissafi ya fita. Babu wanda ya tambayi inda aka yi jarrabawar. Babu wanda ya ce a kira ka a ba ka alli ka nuna. Mutanen da za su yini suna jujjuya buhun albasa kafin su saya, ba su jujjuya zancen nan ko sau ɗaya ba.

Kana tuna zauren mai gari da hantsin nan? Kana durƙushe a gefena da takardunka. Mai gari bai dube ka ba, ni ya duba, ya ce, "Malam Sani, mun ji abin da kay yi ma ɗan'uwanka. Allah shi yi ma albarka." Ni kuma na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mana in babba ya yaba, na ce, "Ranka shi daɗe, mi niy yi? Yin Allah na."

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ladabi ne. Ƙarya nake yi. Yabon ya yi mini daɗi, Yaya. Dattawan gari suna gyaɗa kai suna kallona, na ji kaina ya yi girma, na bar shi ya ɗan jima. Kafin in farga wani daga cikinsu ya ce, "To kun ji. Mu sa hannu, gobe a gano ba shi yar rubuta ba, sunan garinga shi ɓaci?" Aka turo maka takardunka da bakin sanda.

Da muka fito ba ka zage ni ba, da ma ka zage ni. Ka tsaya ka kakkaɓe gwiwar wandonka, ka ce, "Sani, shekara huɗu ina ciki, ba a taɓa kulle ni kamar yau ba." Daga ranar har ka koma ga Allah ba ka sake tayar da zancen ba.

Na koma bayan kwana biyu na rantse musu cewa ban rubuta ba. Suka yi murmushi, suka ce sun gane, rufin asiri nake yi maka. Wannan ne yake ƙona ni har yau. Ƙarya ta shiga kunnensu ba tare da an nemi shaida ba, gaskiya kuwa ko da rantsuwa ba ta samu wurin zama ba, saboda kawai ta ce fursuna ya fi malami. Wa'adin gurbin ya cika, aka ba wani.

Ka ƙare rayuwarka kana tsara wa mutane hanyar ruwa a fadamunsu daga nan har Dandin Mahe, kana auna gangare da igiya da ido, ruwa ya bi inda ka ce. Su ce, "Lawali akwai hannu." Hannu kawai, ba su taɓa cewa akwai kai ba. Ranar jana'izarka an yi ta cewa ka tuba, ka zama mutumin kirki, kamar iyakar abin da irinka zai iya zama ke nan.

To ku masu leƙen wasiƙar nan, da ku masu dariya a rumfar tela, ga abin da ban kai zauren mai gari ba, alhali shi kaɗai ne zai raba gardama. Jarrabawar nan da kuka ce na rubuta wa wana, ni na zauna ta sau biyu kafin shi, a ɓoye, na ce muku kwas na tafi birni. Sau biyun na faɗi. Takardun sakamakon suna ƙasan akwatina tun lokacin. Na zaɓi in rufa wa kaina asiri, na bar karatun ɗan'uwana ya tafi. Duk mai shakka ya zo gida, zan shimfiɗa masa tabarma in miƙa masa ya karanta, in ya iya.

Yaya, kai ka ciyar da ni, kai ka saya mini akwatin da na tafi makaranta da shi, kuma ni ne na ci amanarka. Ban nemi gafararka ba kana da rai, domin neman ta zai sa in faɗi wannan. Yanzu na faɗa, a lokacin da ba zai amfane ka da komai ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka idon da ka ɗauke, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya buɗa wa duk wanda ke karatu a bayan katanga, Ya tsare shi daga ƙane irina. Ni kuma Ya sa ka yafe mini ranar da za mu haɗu.

Wassalam.

Ƙanenka,
Sani, wanda ya faɗi sau biyu